Kujerar Baya a Kwale-kwalen Reino

Lahadi, 18 ga Agusta

Na gama haɗa kaya. Tanti, barguna, tukunya, butar kofi, gatari, burodin da na gasa jiya. Magungunan mijina Reino na zuba su a gwangwanin shayi don kada ruwa ya taɓa su. Kwale-kwalen yana kan mota. Maƙwabcinmu ne ya taya ni ɗorawa, yana ta kallona kamar mai magana a baki. Bai faɗa ba, ya kyauta wa kansa.

Anneli ta zo daga birnin Duluth bayan an tashi coci. Ba taya ni ta zo yi ba, hana ni ta zo yi. 'Yar da na haifa ta tsaya a tsakiyar kicin ɗina tana yi mini magana kalma ɗaya-ɗaya, sai ka ce ni ce mai ciwon mantuwar ba ubanta ba. Wai an sami ɗaki a gidan kula da tsofaffin nan na kusa da ita. Wai za su riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata, in ba mu karɓa ba su ba wani.

"Mama, ran Alhamis fa tambayarki ya yi yaushe za ki koma gidanku."

Na ce wasa yake yi.

"Mama."

Na tsani yadda take jan "Mama" ɗin nan.

To, ba wasa yake ba. Ya cinye abincinsa tas, ya goge baki, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Baiwar Allah, an gode, amma kada dare ya yi miki a hanya." Mijina na shekara arba'in da ɗoriya. Wata rana kuma Helmi yake kirana, yayarsa da ta rasu tun Anneli tana rarrafe.

Amma zaman gida ne ke ruɗa shi, ni na sani. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin ramin haƙar ƙarfe da daji, a ce yau bango huɗu da talabijin? Tun aurenmu babu shekarar da ƙarshen Agusta bai same mu a Tafkin Pelto ba. Ya ga ruwan nan kawai, zai dawo hayyacinsa. Na gaya wa Anneli haka. Na ce in mun dawo ta zo ta ga ubanta da idonta, sannan ta kira masu ɗakin ta ce mun gode, ba ma so. Ta ce in kuma bai dawo hayyacin nasa ba fa? Na ce ta miƙo mini gishiri in sa a jaka.

Ba zan kai shi ba. Ina da hannu ina da ƙafa.

Litinin, 19 ga Agusta

Hanya duk shiru. Da muka tsaya shan mai ya ce ya gode da rage masa hanyar da na yi. Na ce ba komai. Me zan ce?

A bakin tafki muka tarar da Duane, ma'aikacin gandun dajin nan da ya tsufa a gaɓar muna kallonsa yana kallonmu. Tun daga nesa ya ɗaga murya: "A'a, Sarkin Ruwa da kansa! Ilona, har yanzu ke ke ja, shi yana miƙe ƙafa a baya?" Sarkin Ruwan nan ni na laƙaba wa Reino tun farkon aurenmu, kowa ya ɗauka. Reino ya yi masa murmushin da yake yi wa wanda bai sani ba. Duane ya dube ni. Ni kuwa na dubi igiyar da nake kwancewa.

Muka sauke jirgi, muka loda kaya. Na ɗauko tsohuwar jar hulata da rana ta cinye rabin launinta, na sa, na shiga gaba na zauna. Wurina ke nan tun ranar farko. Na gaba aikinsa ja kawai, na baya shi ke riƙe da kan jirgi, shi ke juya shi inda za a je. Reino bai taɓa ba kowa kujerar baya ba, ko ɗan'uwansa. Na ji ya tura mu, jirgi ya ɗan yi rawa da ya shigo, filafilinsa ya taɓa ruwa.

Can sai na ji daga bayana:

"Ilona, ja ta hagu mana, barci kike yi?"

Rabona da jin sunana a bakinsa tun kafin ƙanƙarar bana ta narke.

"Mai jar hula, da ke nake fa."

Na ce na ji, ai ba kurma ba ce ni. Ya ce yo shi ya ɗauka na kurumce, ga shi muna neman shiga ciyawa. Na ce mai tuƙi ya tambayi kansa. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. Daɗin kujerar gaba ba mai ganin fuskarka. Na yi kukana na ƙoshi, na share da hannun riga.

Ya kai mu tsibirinmu ko taswira bai duba ba. Babban ruwan tsakiya kwance yake luf. Waɗanda suka sauka kafin mu sun bar busasshen itace a jikin murhu, sun rufe da ɓawo yadda ya kamata, 'ya'yan kirki ko su wane ne. Ya kafa tanti, ƙulli ko ɗaya hannunsa bai manta ba. Ya jefa igiya kan reshe ya rataye jakar abinci saboda namun daji.

Da waya tana kamawa a nan da na kira Anneli ta ji da kunnenta. Ba ta kamawa.

Talata, 20 ga Agusta

Na tashi da murna, na dafa kofi, na yanka burodi na miƙa masa. Ya karɓa ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Ku ma nan kuka sauka?"

Kofi ya zube mini a ƙafa, ban ji zafinsa ba sai daga baya.

Na kwashi kwanuka na gangara bakin ruwa don kada in yi masa tsawa. Ina tsugune ina dirza tukunya da yashi sai ga murya daga sama: "Ilona, kada ki huda tukunyar nan, ita ke nan gare mu." Na waiwaya da sauri. Ina kallo fuskarsa ta canja, ya ɗaga mini hannu irin na gaida baƙo.

Na juya na ci gaba da dirza. Jim kaɗan: "Ilona, ina kika sa ashana?"

Na yi ta gwadawa yau har na ji kunyar kaina, tsohuwa da ni ina juye-juye a kan dutse. In na ba shi baya, Ilona ce. In na fuskance shi, baiwar Allah. Ashe ba tafkin ya gane ba, bayana ya gane. Ƙeyata, da jelar gashin nan da ta yi fari, da hular. Fuskar ce ta tsufa ba da saninsa ba. Yo dole. Duk ranakun da ya fi jin daɗi a duniya a jirgin nan ya yi su, kuma bayan nan nawa yake kallo daga safe har yamma.

Laraba, 21 ga Agusta

Ruwan sama tun safe. Mun wuni a tanti, ni ina fuskantar ƙofa, shi a bayana yana gyaran ƙugiyoyin kifi. Mun yi hirar da rabonmu da irinta har na manta. Ya tuno shekarar da Anneli ta jefa takalminsa a tafki don ta ga ko zai yi iyo. Ya tambaya ko yarinyar ta gama makaranta. Na ce ta gama. 'Yarta ma ta gama, wannan ban faɗa ba.

Ya ce shi fa tun a coci ya yanke shawara, yana zaune a bencin bayana. "Wuyan nan na gani na ce shi ke nan, an gama da ni." Na ce ashe ba don hankalina ba ne. Ya ce wane hankali, wadda ta yarda ta aure shi?

Wuyan dai yanzu ya sage, da ƙyar nake juya shi. Amma in iyakar abin ke nan ai da sauƙi. In zauna ina ba shi baya har ƙarshen kwanana, me zai rage ni da shi? A gida ma sai in juya kujerata ta kalli bango. Anneli ta kira ni mahaukaciya in ta ga dama.

Alhamis, 22 ga Agusta

Rana ta fito. Ya kama kifi manya-manya, na soya da gari da man shanu, muka ci da dankali. Na ci nawa ina kallon tafki, shi yana bayana yana cewa gishiri ya yi yawa. Daɗi kamar in yi waƙa.

Abu ɗaya dai. Wajen dawowa daga kamun kifin ya wuce tsibirinmu, ya miƙa da mu yamma. Na yi shiru ko zai lura. Bai lura ba. Na riƙa jawo goshin jirgi da filafilina a sace har muka karkato. Ya ce, "Wa ya matsar da tsibirin nan?" Muka yi dariya. Kowa yana ɓata hanya, ga rana ma tana dukan idonsa.

Ba sai Anneli ta ji wannan ba. Ba wani abu ba ne.

Juma'a, 23 ga Agusta

Da ƙyar nake rubutun nan.

Ni na ce mu ƙetare zuwa tudun da ya ƙone shekarun baya, mu tsinko shuɗɗan 'ya'yan itacen nan da ke fitowa bayan gobara, in sa masa a fanke. Da safe ruwa lafiya lau. Muna dawowa iska ta taso daga arewa, yadda take yi a tafkin nan ba sallama. Taguwar ruwa ta fara fari a kai. Ba yau farau ba, mun sha ratsa wadda ta fi ta. Dokar ɗaya ce, shi ya koya mini: goshin jirgi ya fuskanci taguwa, kada a kuskura a ba ta gefe.

Sai na ji jirgi yana juyawa. Ina ja, yana juyawa. Na kasa kunne, babu ƙarar filafili a bayana. Na kira shi, shiru. Taguwa ta buge mu ta gefe, ruwa ya zubo mini a cinya, sanyi har ƙashi. Ta biyu ta fi ta farko.

Nan na yi abin da na san bai kamata ba. Na juyo gaba ɗaya na daka masa tsawa: "Reino, tuƙa!"

Yana zaune da filafili a kan gwiwa yana kallon gajimare. Ya sauko da ido kan fuskata. Ya Ubangiji, tsoron da na gani. Ga wata tsohuwa da bai taɓa gani ba, jiƙe sharkaf, tana yi masa ihu a tsakiyar ruwa.

"Wace ce ke? Ina matata? Me kika yi mata?"

Ya kama gefen jirgi ya fara miƙewa tsaye. Reino fa, wanda ya taɓa yi wa Anneli faɗan da har yau ba ta manta ba don kawai ta miƙe a jirgi. Muka kwanta gefe guda, ruwa ya kwararo ciki, bokitin 'ya'yan itacen ya tafi. A ruwan nan, da shekarunmu, ko da rigar hana nutsewa a jiki ba za mu kai gaɓa ba. Sanyi ne zai fara gamawa da mu.

Ban san ina na sami hankalin ba. Na juya masa baya, na gyara hula, na ɗauki filafili, na ce da muryar da nake tambayarsa ko zai ƙara kofi, "Sarkin Ruwa, hagu ko dama?"

Wata taguwar ta zo ta wuce.

"Dama mana. Kai, Ilona, wa ya cika mana jirgi da ruwa?"

Na ji filafilinsa ya shiga ruwa, goshin jirgi ya dawo daidai. Ya kawo mu tsibiri kamar ba abin da ya faru, yana ta mita wai na yi sakaci.

Na cire masa jiƙaƙƙun kaya, na naɗe shi a bargo, na hura wuta. Ya bar ni na yi, yana ta godiya, yana ba ni haƙuri wai ya wahalar da ni alhali ba mu san juna ba. Na shiga bayan itatuwa na yi amai.

Asabar, 24 ga Agusta

Iska ba ta faɗi ba, amma lungun da ke bayan tsibiri a kwance yake. Hanyar gida kuwa sai an ratsa babban ruwan tsakiya, babu wata.

Na zaunar da shi kan dutse inda zan riƙa hango shi, da kofi a hannu. Hular na bar ta a tanti, ba na son ya ga Ilona a kujerarsa ya tayar da rigima. Na loda duwatsu a kujerar gaba, a wurina, don goshin jirgi ya zauna. Na shiga baya. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, nawa bai cika ta ba.

Abin kunya! Duk shekarun nan a cikin jirgi, ashe ban iya tuƙi ba. In na ja ta dama ya tafi hagu, in na koma hagu ya tafi dama. Muka yi ta zagaya wuri ɗaya, ni da duwatsuna.

"Baiwar Allah!" Ya taso ya zo bakin ruwa. "Ba haka ba. Bar sauya hannun nan. In kin ja har ƙarshe, murɗa filafilin, babban yatsa ya kalli ƙasa, ki ɗan tura waje. Yauwa. A hankali, ba dambe ba ne."

Ya koya mini har rana ta karkata, ko tsaki bai yi ba. Mutumin da ya koya mini tuƙin mota muka ƙare ba ma magana da juna! Ashe haƙurin yana nan, baƙi yake ajiye wa. Da jirgin ya fara tafiya miƙe har tafi ya yi mini. Na matso gaɓa na tambaye shi, matarka fa, ta iya?

"Ilona? Ina! Ba ta taɓa koya ba." Ya yi dariya. "Me za ta yi da shi? Ai tana da ni."

Na ce haka ne. Na tura jirgi na koma tsakiyar lungu na sake zagayawa.

Lahadi, 25 ga Agusta

Maganinsa ya kusa ƙarewa, burodi ma. Gobe dole mu koma gida.

Wuni na yi ina gardama da kaina. In ruwa ya kwanta, me zai hana in bar shi a baya? Ran Litinin ai lafiya ya kawo mu. In sa hulata, in zauna a gaba, in riƙa jin sunana daga nan har gaɓa. In kuwa ni na zauna a baya, shi ke gaba, ba abin da zai gani sai ruwa. Babu ni a gabansa ke nan. Wata baƙuwa ce za ta tuƙa shi gida.

Amma ran Juma'a ma da safe a kwance ruwan yake.

Da la'asar ya ɗauki gatari ba wanda ya sa shi, ya faskara itace ya jera a jikin murhu, ya rufe da ɓawo. Na ce ai gobe za mu tafi. Ya ce ya sani, na masu zuwa ne, ba a barin murhu haka nan. Sunan 'yarsa yakan ɓace masa, amma mutanen da bai taɓa gani ba bai manta da su ba. Na ji haushi, ban san na wa ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Mun iso gida. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Da safe iska kaɗan ce, amma gajimaren yamma bai yi mini ba. Na naɗe tanti, na loda kaya. Hular na ninke na cusa a aljihun jaka. Ya nufi kujerar baya yadda ya saba. Na tare shi, fuska da fuska, na ce, "Bawan Allah, ka yi mini alfarma. Tuƙin da ka koya mini shekaranjiya nake so in gwada a babban ruwa."

"Ni na koya miki?"

Na ce kai da kanka. Ya ji daɗi, na gani. Da Ilona ce ta roƙa da cewa zai yi ta wuce wurinta ta zauna. Baƙuwa kuwa ba ya iya ce mata a'a. Ya zagaya ya shiga gaba, yana lalubar inda zai sa dogayen ƙafafunsa.

Ban taɓa ganin bayansa a jirgi ba sai yau. Yaushe wuyansa ya sirance haka? Rigar hana nutsewar ta yi masa yawa. Akwai wani wuri a ƙeyarsa da na tsallake wajen aski.

Fitarmu daga lungu ke nan ya daina ja. Ya dubi gaba, ya dubi dama da hagu.

"Tsaya. Mun bar Ilona."

Na ce ba mu bar ta ba.

"Ba ta nan. Wurinta ne wannan. Juya, baiwar Allah, mun bar matata a tsibiri. Ba ta da jirgi, ba ta iya tuƙi ba." Hannunsa ya kai gefen jirgi.

Na ce, "Ta riga mu. Tun da sassafe wasu suka rage mata hanya. Tana gaɓa tana jiranka."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

"To ai sai mu yi sauri. Ba ta son jira, masifaffiya ce."

Ya sa filafili a ruwa. Ban san da sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Iskar ta same mu a tsakiya kamar yadda na zata, taguwa ta yi fari. Na murɗa, babban yatsa ƙasa, na tura waje. Goshin jirgi ya tsaya inda ya kamata. Kafaɗata kamar za ta cire. Jefi-jefi sai ya tambaya, ba tare da ya waiwayo ba, "Kin tabbata tana can?" In ce na tabbata. Ya ba ni labarinta kuma. Wai tana ƙona fanke. Wai tunda yake da ita ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba. Wai in tana dariya kunnuwanta ja suke yi, ta baya ma ana gani. Wannan ban sani ba sai yau.

Duane yana gaɓa. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga wanda ke gaba, ya ga wadda ke baya, ya rufe. Ya shigo ruwa da takalmansa ya riƙe mana jirgi.

Reino yana ta dube-dube. "Ina take?"

Na ce wa Duane ya taimaka masa ya fito. Na zaro hular daga jaka, na kewaya bayan rumfar Duane na sa, na fito na kama hanyar wurin ajiye motoci, ina ba su baya.

"Ilona! Ke mai jar hula! Haka ake yi? Sai ki kama hanya ki bar ni da baƙuwa?"

Ina tafiya na ce ai ga shi ta kawo ka lafiya.

"Ta iya, ba laifi. Amma tsaya mana."

Na rage sauri har na ji takunsa dab da ni. Ban waiwaya ba.

Talata, 27 ga Agusta

Barci da ciwon kafaɗa. Na shanya tanti.

Laraba, 28 ga Agusta

Na kira Anneli. Ban gaya mata abin da ya faru ran Juma'a ba. Na dai ce mata ni na tuƙo mu gida. Ba sai na ƙara bayani ba, ta san ubanta da kujerar nan.

Na ce gobe za mu shigo Duluth in ga wurin. Gani kawai, ban ce komai ba tukuna. Ta fara zayyana mini, abinci kaza, ma'aikata kaza, wai har da lambu. Na katse ta na ce abu ɗaya nake son sani, ɗakin yana da taga?

Ta ce akwai, amma ba wani abin kallo, wurin ajiye motoci take fuskanta.

Na ce ba komai, ba kallo zan je yi ba. Wurin tsayawa nake nema in na zo, inda zai riƙa ganin bayana daga gado.

Na wanke hular. Tana kan igiya, kafin gobe ta bushe.